Wai da gaske ne maganin nano yana zuwa kai tsaye kan ƙarin sankara?

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin asibiti a cikinmu ku warware mini wani abu, kaina ya ɗaure. Shekara uku ke nan da aka yi wa Ummanmu aikin sankarar mama, aka cire na hagu, ta sha kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, zagaye shida, har da jan ruwan nan mai sa fitsari ya koma ja. Mun ɗauka an rabu da bukar. Bayan babbar Sallah ta fara kukan baya da tari, aka yi hoto, aka ce ya dawo, ya taɓa ƙashi da huhu. Da aka ɗauki hoton zuciya likita ya ce zuciyar ta ɗan yi rauni, ba zai sake ba ta jan ruwan irin na da ba, amma akwai wani nau'insa da aka ƙunshe cikin ƙananan ƙwayoyin maiƙo. Ya rubuta mana sunan, laifosomal doksorubisin. Kuɗinsa ya ninka na farko ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ƙanina ya duba a intanet ya ce ai maganin nano ne, wai kai tsaye yake tafiya ya samu ƙarin, ba ruwansa da sauran jiki. Ana cikin haka wata maƙwabciyarmu ta kawo kwalba, ita ma an rubuta nano a jikinta, ta ce sha ake yi safe da yamma, kuma ba ta kai rabin kuɗin wancan ba. Yanzu gidan ya rabu biyu, Yayanmu har ya fara maganar sayar da filin da Baba ya bar mana. Shin abu ɗaya ne? Kuma gaskiya ne a kan ciwon kawai yake sauka?

Baba Malami: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ku kuma Allah ya ba ku ladan jinya.

Famasis Ɗan Fagge: Sannu 'yar uwa. Tambayar farko amsarta gajeriya ce: ba abu ɗaya ba ne, ko kusa. Nano ba sunan magani ba ne, sunan awo ne, kamar a ce mudu ko kamu. Ki raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Silin gashin kai yana kai nanomita 80,000 a kauri. Ƙwayar maganin da likita ya rubuta muku wajen nanomita 100 ce, wato sai kin jera kusan 800 kafin su tsallake silin gashi guda. To kowa ma yana iya buga kalmar nano a jikin kwalba, ba ta nuna abin da ke ciki. Wanda likita ya rubuta magani ne sananne, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 1995 da sunan Doxil, a Turai Caelyx ake ce masa, kuma ta jijiya ake ba da shi a ƙarin ruwa, ba sha ake yi ba. Ita kwalbar me aka rubuta a wajen sinadaran? Akwai lambar NAFDAC?

Ummu Hanifa: Na duba. Azurfa aka rubuta, da ruwa. Ban ga lamba ba.

Famasis Ɗan Fagge: To ku ajiye ta. Ruwan azurfa ba ya maganin sankara. Wanda ya daɗe yana sha ma azurfar takan taru a fatarsa ta mayar da ita toka-toka mai shuɗi, kuma ba ta gogewa har abada.

Maman Biyu: Amma Malam Famasis a yi adalci. Ni na san wadda ta sha irin wannan ruwan a unguwarmu, ta ce ta ji ƙarfin jikinta. Ku komai in ba daga asibiti ya fito ba sai ku ce ƙarya ne, alhali talaka ba ya iya kuɗinku.

Anti Nas: Maman Biyu, maganar kuɗi gaskiyarki ce, ba mai musun ta. Amma shekarata goma sha ɗaya a ɗakin kemo, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne matar da muka gani da ƙullutu kamar gyaɗa, ta ɓace wata takwas tana shan ruwan kwalba, ta dawo an lulluɓe ƙirjin da zane saboda wari da ruwan da ke tsiyaya. Ita ma a watannin farko cewa take tana jin ƙarfi. Jin ƙarfi daban, ƙari ya motse daban, kuma hoto ne kaɗai ke raba gardamar.

Ɗalibin Samaru: Ni kimiyyar haɗa sinadarai nake karanta, kuma a kan wannan fannin nake rubuta kundina, don haka bari in ɗan kare ƙanin Ummu Hanifa, bai yi ƙarya ba. Ƙari idan yana girma yakan gina wa kansa jijiyoyin jini cikin gaggawa, sai su fito kamar katangar zana, ɓuli ko'ina. Jijiyoyin lafiyayyen nama kuwa kamar katangar da aka shafe da siminti suke. Ƙwayar nanomita 100 ba ta iya ratsa simintin, amma tana zurarewa ta zanar. Kuma magudanar da ke kwashe ruwa daga nama a cikin ƙari toshe take, abin da ya shiga sai ya kwanta. Wasu masana biyu na Japan, Matsumura da Maeda, su suka bayyana wannan a 1986. Daga nan ne aka samu Doxil, aka samu Abraxane a 2005, Onivyde na sankarar fankiriyas a 2015, Vyxeos na sankarar jini a 2017. Yanzu ma an wuce nan, ana liƙa wa ƙwayar wani abu kamar makulli wanda ƙofar ƙwayar sankara kawai yake buɗewa. Nan da shekara goma kemo irin na da zai zama tarihi.

Likitar Daji: Sannu Ummu Hanifa, Allah ya ba Umma sauƙi. Ba zan iya yi mata magani daga nan ba, likitan da ya gan ta shi ne da magana, amma zan faɗa miki abin da wannan maganin yake yi da abin da ba ya yi, don kar ku sayar da fili a kan zato.

Jan ruwan nan, doksorubisin, magani ne mai ƙarfi, amma yana cin tsokar zuciya, kuma ɓarnar taruwa take yi. Shi ya sa muke lissafa duk abin da mutum ya taɓa sha a rayuwarsa, idan ya doshi miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki sai mu tsaya. Abin da Barenholz da Gabizon suka yi a Jami'ar Hibru ta birnin Ƙudus shi ne suka cusa wannan jan ruwan cikin ƙwanson maiƙo, suka sa wa ƙwanson riga ta wani sinadari don kar sojojin jiki su yi saurin gane shi. Sai ya zama yana yawo a jini kwana biyu zuwa uku yana saki a hankali, kuma kaɗan ne ke isa tsokar zuciya. An gwada shi kafaɗa da kafaɗa da na asali a kan mata 509 masu sankarar mama da ta bazu, aka buga sakamakon a 2004. Matsalar zuciya ta ragu ƙwarai. Zubewar gashi ta sauko daga kashi 66 cikin ɗari zuwa 20. Amma tsawon rayuwa kusan ɗaya ne, wata 21 da wata 22. Kuma ya zo da nasa ciwon: kusan rabin matan sun samu ƙunar tafin hannu da tafin ƙafa, wanda da wuya a gan shi a na asali. Kin ga ke nan yana taɓa sauran jiki.

Don haka likitanku ba don ya fi kashe ciwon ya zaɓe shi ba, don zuciyar Umma ne. Ko shi ɗin ma ba a sakin jiki da shi ga wadda ta taɓa shan jan ruwa, za a ci gaba da duba zuciyar.

Ɗalibi kuma, ƙanina, ina son zafin naman da kake da shi, amma ka karanta abin da rukunin Warren Chan na Jami'ar Toronto suka fitar a 2016. Sun tattara binciken shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suka tarar a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne na abin da aka zuba a jijiya yake isa ƙarin. A ƙwaya dubu, bakwai. Mafi yawan sauran hanta da saifa ne ke tare su.

Ɗalibin Samaru: Dakta, ranki ya daɗe, na karanta, kuma na karanta waɗanda suka mayar masa da martani. Cewa suka yi ba a auna magani da kashi nawa ya isa, ana auna shi da ko ya yi aiki. Shi kansa kemo na asali ai abin da ke isa ƙarin bai taka kara ya karya ba. Kuma an auna a jikin mutane an ga Doxil yana taruwa a wurin ciwon ninki da dama fiye da jan ruwan tsura. Idan bakwai cikin dubu ya fi abin da ake samu a da, ai ci gaba ne.

Likitar Daji: Na yarda, ci gaba ne, ni ma ina rubuta shi. Inda muka rabu shi ne maganar makulli da shekara goma. Ƙwaya tana shiga jini furotin ɗin jini ke lulluɓe ta, kamar ka jefa ƙwallon fura cikin gari, makullin da ka liƙa mata sai ya nutse. Kuma makulli ba ya jan ƙwaya zuwa ƙari, sai ta riga ta isa bakin ƙofa yake amfani. Wani kamfanin Amurka, BIND Therapeutics, ya yi irin wannan mai makullin da sunan BIND-014, manyan masana na Boston ne a bayansa, sakamakon gwaji a kan mutane bai kai yadda aka zata ba, kamfanin ya durƙushe a 2016. Dalilin da ya fi damuna shi ne ɓera. Ƙarin da ake dasa wa ɓera cikin sati biyu ko uku yake girma, jijiyoyinsa duk zana ce. Na mutum shekaru yake ɗauka, yakan yi tauri kamar kanta, matsin ruwan da ke cikinsa yana turo abu waje, kuma na Hajiya Wance ba irin na Hajiya Wance ba ne. Ko a jikin mace ɗaya, wanda ke huhu da wanda ke ƙashi ba lallai su karɓi magani daidai ba. A 2020 ma rukunin Toronto ɗin suka sake nuna cewa yawancin ƙwayoyin ba ta ɓuli suke shiga ba, ƙwayoyin bangon jijiyar ne ke ɗaukar su su tsallakar da su. Wato har yanzu ƙofar ma ana kan gano ta.

Famasis Ɗan Fagge: Abraxane ma da ka ambata labarinsa ya fi kama da abin da Dakta ke faɗa. Faklitaksel, maganin da ke cikinsa, daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara samo shi, ba ya narkewa a ruwa, sai aka riƙa narkar da shi a wani sinadari da ake yi daga man zurma. Wannan man ne ke sa wasu numfashinsu ya sarƙe a kan gadon ƙarin ruwa, shi ya sa ake fara ba su magungunan kariya. Da aka ƙulla maganin da albumin, furotin ɗin da ke cikin jininmu, aka yi ƙwayoyi masu nanomita 130, sai aka huta da man zurman, kuma cikin minti 30 an gama maimakon awa uku. Amfani ne babba, amma gyaran abin ɗauko magani ne.

Baba Malami: 'Ya'yana, ni tsohon malamin firamare ne, ban san waɗannan sunaye ba. Abin da na sani shi ne lokacin da mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, take buƙatar a gasa mata sankara da na'ura, mun yi tafiyar awa bakwai a mota, muka tarar na'urar ta lalace, aka ce mu dawo bayan wata biyu. Ba ta kai ba. A Najeriya, ƙasar da mutum sama da 120,000 ke kamuwa da sankara duk shekara, na'urorin gashi kuwa ba su taka kara sun karya ba, me ya haɗa mu da ƙwayar da ido ba ya gani? Wanda bai samu tuwo ba ba ya tambayar man shanu.

Ummu Hanifa: Allah ya jiƙanta Baba, ya sa Aljanna ce makoma.

Ɗan Maraɗi: Amin. Mu nan Nijar sai 2021 aka fara gashin a Yamai, kafin nan sai dai ƙetare ga mai hali. Maganar Baba tana kan hanya.

Ɗalibin Samaru: Allah ya gafarta mata Baba. Amma ku yi haƙuri in ce ƙwayar nan ta riga ta shigo har ƙauyenku. Ɗan tsinken gwajin maleriya da ake ɗiga wa jini, da na gwajin ciki, jan layin da ke fitowa a yawancinsu ƙwayoyin zinare ne ƙanana. Zinare idan ya ƙanƙance haka launinsa ja yake komawa. Ba wuta, ba na'ura, minti goma sha biyar an samu amsa. Wannan shi ne nano da ya yi wa talaka rana. Kuma namu ma suna ciki: Farfesa Wole Soboyejo, wanda ya koyar a Firinston ya kuma shugabanci Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, shi da ɗalibansa sun daɗe suna aiki a kan ƙwayoyin da ke neman sankarar mama mai wuyar magani, irin wadda ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. In ba mu yi binciken ba wa zai yi mana?

Likitar Daji: A nan kam ina bayanka, a fannin gano ciwo abin ya fi ba ni fata. Misali ɗaya. Idan za a yi wa mace aikin mama, ana son a gano kaluluwar farko a hammata da ruwan mama ke zuba cikinta, a cire ta ita kaɗai a duba. In babu ciwo a ciki sai a bar sauran, mace ta tsira daga kumburin hannun nan da ba ya warkewa. Hanyar da aka saba ita ce allurar sinadari mai tururin nukiliya, wanda rabin ƙarfinsa ke tafiya duk awa shida, don haka sai asibitin da ke da sashen nukiliya a kusa. Yanzu akwai Magtrace, na wani kamfanin Kambirij a Ingila, ruwa ne mai ƙwayoyin tsatsar ƙarfe, ana yin allurarsa a mama, ya gangara ya kwanta a kaluluwar, likitan tiyata ya bi shi da sanda mai jin maganaɗisu. Amurka ta amince da shi a 2018. Wannan asibitin da ba shi da sashen nukiliya ma zai iya. Amma Baba, amfaninsa ga wadda ta zo da wuri ne, mu kuwa yawancin matanmu a mataki na uku ko na huɗu muke ganin su, lokacin hammatar ta riga ta cika.

Ɗan Gadarif: Mu a gabashin Sudan mun san irin wannan ƙwanson maiƙon ta wata hanya. AmBisome da ake ba masu kala'azar (zazzaɓin da ke kumbura saifa) da jikinsu ya yi tsanani da mata masu ciki, tsohon magani ne mai cin ƙoda aka ƙunshe shi haka, sai ya rage cutarwa. Shi ma matsalarsa tsada da firji.

Maman Biyu: To na ji. Ni dai ba da mugun nufi na yi magana ba. Zan gaya wa ta unguwarmu ta koma a yi mata hoto.

Likitar Daji: Allah ya saka miki Maman Biyu. Ummu Hanifa, kafin a taɓa filin nan, ki koma wajen likita da tambayoyin nan a rubuce. Naman da aka cire shekara uku da suka wuce, an gwada shi an ga ko yana jin sinadaran mata, ko yana da HER2, wani furotin da ke hanzarta girman ƙari? Domin in yana jin sinadaran mata akwai ƙwayoyin sha da ke riƙe ciwon tsawon lokaci, kuɗinsu bai kama ƙafar kemo ba. In ba haka ba ne, akwai wani kemo da ba dangin jan ruwa ba, irin faklitaksel ko kafesitabin, da zai dace da ita? Zagaye nawa yake nufi, kuma bayan nawa za a sake hoto a ga ko yana aiki? Sannan ki tambaye shi kai tsaye mene ne burin maganin. Ciwon da ya kai ƙashi da huhu yawanci riƙe shi ake yi, a rage zafi, a ƙara kwanaki masu daɗi. Gara ku ji wannan daga bakinsa yanzu, ku yi lissafinku a kai. Ki kuma tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ko akwai tallafin kuɗin magani da za ta iya shiga.

Ummu Hanifa: 'Yan uwa na dawo. Jiya ni da Yaya mun zauna da likitan, ya ba mu lokaci sosai. Takardar gwajin tana cikin fayil ɗin, ashe duk ukun babu, ba ya jin sinadaran mata guda biyu kuma ba shi da HER2, irin mai wuyar maganin da Ɗalibi ya ambata ce, don haka ƙwayoyin sha ba za su yi mata ba. Faklitaksel kuma ta sha shi a zagayen farko, har yau yatsunta na ƙafa ba su daina dindiris ba, shi ya sa ya kauce masa. Ya ce zagaye uku za a yi a sake hoto, in bai motsa ba a canza. Maganar riƙewa ma ya faɗa, Yaya ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Mun bar filin tukuna, ni da ƙannena mata mun haɗa sarƙoƙinmu, za su kai mu zagaye ukun. Kwalbar na mayar wa mai ita. Ranar Alhamis za a sa na farko, kuma mu za mu sayo maganin mu kai. Anti Nas, yaya zan ɗauko shi, kuma me zan shirya mata?

Anti Nas: Allah ya sa a dace. Ki tafi da kula da ƙanƙara, amma ki naɗe kwalin a tawul kar ya taɓa ƙanƙarar, sanyi yake so tsakanin digiri 2 zuwa 8, daskarewa ɓata shi take. Ki tsaya ki ga daga firji mai aiki aka ciro shi, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ki karɓi rasit. A na farkon a hankali za a sake shi, ki zauna kusa da ita, in fuskarta ta yi zafi ko ƙirji ya matse ko baya ya riƙe ki kira nas nan take, kar ki ce bari ya wuce. In kun koma gida, sati guda ba wanki, ba daka, ba ruwan zafi a hannu da ƙafa, alwala da ruwa mai sanyi, silifas mai faɗi da taushi. Man kaɗanya safe da dare, a shafa a hankali ba murzawa. Kullum ki buɗe tafin hannunta da tsakanin yatsun ƙafa ki duba a haske, in kin ga ya fara ja kamar an cire lalle ki ɗauki hoto ki kai wa likita kafin zagaye na biyu. In kuma zazzaɓi ya zo, ko da tsakar dare ne, asibiti za ku nufa.